Daga ayarin Gwanja zuwa jirgin Disamba: yadda lokacin dawowa gida ya juya

Da hunturu ya kankama aka ba ƴan lakwal hutun ƙarshen Disamba, garuruwanmu kan cika da baƙi na gida: ɗalibai daga Maroko da Aljeriya, ma'aikata daga Faransa da Beljiyam da Amurka. Yaranmu na ganin kamar haka abin yake tun asali. Alhali a zamanin kakanninmu watan sanyi watan tafiya ne, dawowa sai gab da damina. Ina ganin ya dace mu iyaye da malamai mu san yadda abin ya juya, don da shi za mu amsa wa yaron da ya ce karatu ɓata lokaci ne.

Mu faro daga fatake. Tun kafin zuwan Nasara, ayarin jakuna kan tashi daga ƙasar Hausa bayan kaka, ɗauke da kanwa da fata da tufafi, a nufi Gwanja, kasuwar Salaga, a sayo goro. Madugu ke gaba, shi ke sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito. Zuwa da dawowa kan ci watanni, wani lokaci shekara guda. Cikin manyan fataken goro akwai Agalawa, waɗanda asalinsu daga ƙasar Abzin yake. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasa ya wargaza Salaga a 1892, sai Hausawa suka bazu zuwa wasu zangunan. Wasu ba su sake dawowa ba, jikokinsu ne ke zango-zango na Gana yau.

Mulkin Faransa ya canja dalilin tafiyar. Haraji da kuɗi ake biyansa, kuɗin kuma ba ya gona. Ga kuma aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Samarin Adar da Gobir da Damagaram sai suka ɗauki hanyar kudu: wasu Kano, inda jirgin ƙasa ya iso a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, wasu kurmi, ƙasar koko da ma'adinai. Wannan shi ne cin rani, ko bida kamar yadda muke cewa. Lissafinsa a fili yake. Mutum ya bar gida bayan an ɗaure damman hatsi, rumbu ya huta da baki ɗaya, ya samo kuɗin haraji da na aure, ya dawo kafin ruwan shuka. A kasuwar Kumasi har sunan masu dako, kayakaya, daga kalmarmu ta kaya ya fito.

Jean Rouch ya ɗauki wannan rayuwa a fim ɗinsa Jaguar, wanda ya fara ɗauka a 1954. Samari uku, Damouré Zika da Lam Ibrahim da Illo Gaoudel, sun tashi daga Ayorou zuwa Akara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshen fim ɗin: abin da suka tara cikin watanni, da isowarsu gida suka rabar da shi. Mutanen yamma ne, amma duk Ba'adare ya san wannan hali. Darajar matafiyi tana ga tsarabarsa, kuma tsaraba ba ta kwana.

Akwai kuma dawowar da ba a shirya ba, ita ce ba mu cika faɗa wa yara ba. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan a Najeriya. A 1984 aka rufe iyakar Najeriya daidai lokacin fari, har mutanenmu suka laƙaba wa yunwar sunan El Buhari. Rikicin Kwaddibuwa na 2002 da na 2010 zuwa 2011 ya taɓa ƴan Tawa da ke Abijan. Faɗuwar Gaddafi a 2011 ta koro dubun-dubatar ƴan Nijar daga Libiya, da yawansu hannu sake. A Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance. Har yau ana sauke mutane a Assamaka. Idan aka duba tarihin nan, wanda ya fi shan wuya kullum shi ne marar takarda da marar sana'a.

To, ina dawowar Disamba ta samo asali? Daga kalandar da ba tamu ba. Bayan samun mulkin kai a 1960, ƙasa ta riƙa tura ɗalibai Dakar da Abijan da Faransa, daga baya ƙasashen Larabawa. Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta sa kuɗin waje ya ninka idan ya shigo gida, sha'awar Turai da Amurka ta ƙaru, har aka samu ƴan Nijar masu yawa a biranen New York da Greensboro. Waɗannan ba damina ke sallamarsu ba. Jami'a da kamfani ke ba su hutu, hutun kuma na Kirsimeti da sabuwar shekara ne. An yi dace ya zo da sanyi, ga bikin jamhuriya na 18 ga Disamba, ga kokowar takobi da aka fara a Tawa a 1975, wadda yanzu aka fi yi a ƙarshen shekara. Iyalai kuma suka koma sa ranar aure a lokacin don ɗan waje ya samu halarta.

Bambancin da ke tsakanin dawowar biyu shi ya dame ni. Ɗan bida na da yana dawowa ne ya ɗauki hauya. Ƙannensa sun gan shi da sabuwar riga da rediyo, bayan kwana kaɗan kuma sun gan shi a gona cikin ƙura. Baƙon Disamba mako biyu ko uku yake yi, duka cikin shadda da motar haya da rabon kuɗi. Ba wanda ya ga bashin tikiti, ko aikin dare, ko ɗakin da mutum huɗu ke kwana. A ajina, duk Janairu sai na lura hankalin wasu yara maza ya tashi. Wanda ke shirin burbe sai ka ji yana tambayar kuɗin mota zuwa Agadas. Wani lokaci kujerar ta zama wayam kafin Maris.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ku ƴan uwa masu zuwa hutu, ku keɓe yamma ɗaya ku zauna da ƙannenku, ku faɗa musu gaskiyar yadda kuka je: wace takarda ta buɗe muku hanya, shekara nawa kuka yi kafin ku iya sayen tikitin dawowa, su wa kuka tafi tare da ba su dawo ba. Ƴaƴanku da aka haifa a can kuma ku bar su kwana ɗakin kaka, su ji Hausa daga bakinta, kada ku tsaya kuna yi musu tafinta.

Ku iyaye, ku rage wa baƙo nauyin tsaraba. Na san waɗanda suka yi shekaru ba su zo ba don kunyar zuwa hannu sake, har uwa ta rasu ba su gana ba. Zumunci a ƙafa yake, ku faɗa musu zuwansu kuke so.

Mu kuma malamai, darasin tarihi na makon farko bayan hutu mu ba yara aiki: kowa ya tambayi tsoho ɗaya a gidansu inda ya je bida, wace shekara, da me ya dawo, me ya sa ya daina. Na gwada wannan, yara suka dawo da sunayen Kumasi da Abijan da Sabha da Legas, da labarin waɗanda aka koro. Daga nan muka zana hanyoyin a kan taswira, muka rubuta shekarun a allo. Yaron da ya ji daga bakin kakansa yadda aka baro Gana cikin mako biyu a 1969, idan ya tashi tafiya, zai fara tambayar takarda da sana'a kafin ya tambayi kuɗin mota.