Daga ajin Malam Ohm zuwa dutsen guga a Gidan Dahala

A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, babu gidan da ba ya jiran wuta a Gidan Dahala. Wata rana kuma a kawo ta, sai ƙwan fitila ya yi ja kamar garwashi, fanka na juyi da ƙyar, dutsen guga ya ƙi zafi. Sai ka ji ana cewa wutar ba ta cika ba. Maganar gaskiya ce, tana ma da lissafinta, wanda ya kusa shekara 200 a duniya.

A 1800 ne Alessandro Volta, mutumin Italiya, ya jera faifan tutiya da na jan ƙarfe, ya sa ƙyalle mai ruwan gishiri a tsakaninsu, ya samar da batir na farko. Daga nan aka sami wutar da ke gudana cikin waya ba yankewa. Abin da ya gagara shi ne sanin me ke sa ta yawa, me ke rage ta.

Wanda ya warware wannan malamin makarantar sakandare ne a birnin Kolon na Jamus, Georg Simon Ohm, haifaffen 1789. Mahaifinsa maƙerin kwaɗo da makulli ne, don haka ɗan ya iya sarrafa ƙarfe, da hannunsa ya riƙa jan wayoyin da yake gwaji da su. Batiran zamanin ba su da tabbas, yanzu su yi ƙarfi an jima su yi sanyi, sai suka yi ta ɓata masa awo. Da aka ba shi shawara, ya ajiye batir, ya haɗa ƙarafa iri biyu, ya tsoma mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗayar a ƙanƙara. Wannan ya ba shi wuta mai tsayayyen ƙarfi. Ya yi ta sauya wayoyi, doguwa da gajera, yana rubuta abin da allurar awonsa ta nuna. A 1827 ya fitar da littafinsa.

Abin da ya gano bai fi layi ɗaya ba. Ka ɗauki tankin ruwa a kan gini da tiyon da ke saukowa daga cikinsa. Ƙarfin da ke tura ruwan shi ne abin da ake aunawa da bolt, yawan ruwan da ke wucewa shi ne amfiya, ƙuncin tiyon kuwa shi ne turjiya. Raba bolt da amfiya, ka sami turjiya. Manyan malaman Jamus ba su yi maraba da aikin ba, har Ohm ya bar koyarwa a Kolon ya yi shekaru cikin ƙunci. Sai a 1841 ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan ta ba shi lambar yabo ta Copley. Abin dariya, wani Baturen Ingila, Henry Cavendish, ya hango haka tun 1781, da jikinsa ma yake awo, wutar ta ja shi ya kimanta zafin jan. Ya bar takardunsa a ajiye, ba a buga su ba sai 1879.

James Joule, ɗan mai kamfanin giya a kusa da Mancesta, shi ya ƙara ɗaya rabin wajen 1840: in ka ninka amfiya biyu a waya guda, zafin da take yi ninki huɗu yake yi. Taron masana lantarki a Paris a 1881 ya tabbatar da sunayen bolt da amfiya da om (ma'aunin turjiya), daga baya wat ya biyo, don tunawa da James Watt. Ninka bolt da amfiya, ka sami wat.

To mu koma ga dutsen gugarmu. A jikinsa an rubuta wat 1,000, bolt 230. Raba 1,000 da 230, yana jan amfiya 4.3. Raba 230 da 4.3, turjiyarsa kusan om 53 ce. Ran da wuta ta sauko bolt 150, amfiya 2.8 kawai zai ja, wato wat 420 da 'yan kai. Wutar ta ragu da kashi ɗaya cikin uku, zafin kuwa bai kai rabi ba. Mai wanki da guga bai yi ƙarya ba da ya ce gara dutsen gawayi.

Wannan lissafin ne ya tsara hanyar da wuta ke bi ta iso Sakkwato. An kammala madatsar Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, sannan daga baya rarraba wuta a jihar ya koma hannun kamfanin da ke Kaduna. Daga Kainji zuwa Birnin Kebbi wuta na tafiya a kan bolt 330,000, daga can zuwa Sakkwato a kan 132,000. Dalili kuwa, in ka ɗaga bolt ninki goma, amfiyar da ake buƙata don aiki iri ɗaya ta ragu zuwa ɗaya cikin goma, asarar zafi a hanya ta koma ɗaya cikin ɗari. Taransfoma ce ke sauko da ita hawa-hawa, 33,000, 11,000, har 230 na gida.

A wannan matakin na ƙarshe ne Ohm ya fi cin haraji. Waya siririya ce, gidaje sun yi wa taransfoma yawa, kowa ya kunna kayansa bayan Magariba, sai bolt ya riƙa zubewa a hanya, gidan da ke ƙarshen layi ya fi kowa shan wahala. Dutsen guga dai sanyi kawai zai yi. Firij da injin jan ruwa su ne abin ji, domin motar lantarkin da ke cikinsu ƙara jan amfiya take yi in bolt ya faɗi, wayar naɗinta ta ɗau zafi har ta ƙone. Shi ya sa gogaggen mai gyaran wuta, kafin ya kwance komai, mitarsa yake fara sokawa a soket ya ga bolt nawa ke shigowa.