Fikafikan rokar ruwa

Fikafikan rokar ruwa su ne faffaɗan ɓangarori marasa kauri da ake maƙalawa a gindin rokar da aka haɗa da gorar roba, domin ta tashi a miƙe ba tare da ta riƙa wuntsilawa ba. Ba su ne ke ɗaga rokar ba. Ruwan da matsattsiyar iska ke fesowa ta bakin gorar shi ke tura ta sama, bisa doka ta uku ta motsi da Isaac Newton ya wallafa a shekarar 1687. Aikin fikafikan shi ne su riƙe kan rokar yana fuskantar inda ta dosa.

Rokar ruwa a taƙaice

Ana haɗa ta da gorar lemo mai gas, wadda aka yi da robar PET. Injiniya Nathaniel Wyeth na kamfanin DuPont a Amurka ne ya samu haƙƙin mallakar wannan nau'in gora a 1973, kuma an yi ta ne don ta jure matsin gas. Gorar ruwan sha ba ta da wannan ƙwari. Ana zuba ruwa kimanin kashi ɗaya cikin uku na gorar, a kife ta, a dura iska da famfon keke, sannan a sake ta. Don haka bakin gorar shi ne gindin rokar, kuma a kusa da shi fikafikan suke zama. Makarantu da dama a duniya na amfani da ita wajen koyar da kimiyyar motsi. A shekarar 2015 wata tawaga daga Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu ta harba rokar ruwa da ta kai tsayin mita 830.

Yadda suke daidaita tafiya

Akwai wurare biyu a jikin roka da suke yanke hukuncin yadda za ta tashi. Na farko shi ne cibiyar nauyi, wato wurin da za a ɗora rokar a kan yatsa ta tsaya ba ta rinjaya ba. Na biyu shi ne cibiyar matsin iska, wato wurin da za a ɗauka cewa duk ƙarfin iskar da ke bugun gefen rokar ya taru. Idan cibiyar matsin tana bayan cibiyar nauyi, duk lokacin da rokar ta ɗan karkace iska za ta tura gindinta ya koma layi. Idan tana gaba, iskar za ta ƙara karkatar da ita har ta juye.

Fikafikai suna ƙara faɗin gindi, shi ya sa suke jan cibiyar matsin zuwa baya. Ƙa'idar da masu haɗa ƙananan rokoki suka saba bi ita ce tazarar da ke tsakanin cibiyoyin biyu ta kai faɗin jikin rokar sau ɗaya zuwa biyu. James Barrowman, wanda ya yi aiki da hukumar NASA, shi ne ya fito da hanyar lissafin cibiyar matsin a tsakiyar shekarun 1960, kuma har yau ana amfani da ita.

Akwai kuma hanyar ƙara nauyi a gaba. Kibiyar gargajiya ta ƙasar Hausa, wadda akasari ba a sa mata gashin tsuntsu, tana tafiya a miƙe ne saboda ƙarfen da ke kanta ya fi karan nauyi. A rokar ruwa ana haɗa dabarun biyu: fikafikai a baya, ɗan curin yumɓu ko ƙwallon tanis a gaba. Wannan ya zama dole domin a lokacin tashi duk ruwan yana gindi, cibiyar nauyi ta koma baya, kuma gudun bai kai yadda fikafikan za su kama iska sosai ba. Sai bayan ruwan ya fice, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, cibiyar take matsawa gaba.

Kayan da ake yanka su

Abin da ake nema shi ne marar nauyi, mai tauri, wanda ruwa ba ya lalatawa. Kwali yana da sauƙin yanka, amma da ya jiƙe sai ya yi laushi, sai dai a lulluɓe shi da salatif. Robar allon talla mai ramuka a ciki ta fi shi ƙarko. Fiffiken da ba shi da tauri yakan yi ta kaɗawa idan gudu ya yi yawa, ya rage wa rokar tsayin da za ta kai, wani lokaci ma ya ɓalle. Ba a amfani da kwano ko wani ƙarfe, domin rokar na faɗowa da ƙarfi. Ana yanka dukkan fikafikan da samfuri ɗaya don girmansu ya zo daidai.

Rabawa da daidaitawa

Fikafikai uku su ne mafi ƙarancin da ke daidaita roka ta kowane ɓangare, ana raba su da digiri 120. Huɗu kuwa digiri 90. Ba lallai sai da ma'aunin kusurwa ba. Ana naɗe gorar da doguwar takarda, a yi alama a inda bakinta ya haɗu, a cire ta a ninke wannan tsawon gida uku ko huɗu, sannan a mayar da ita a jikin gorar. Kowane ninki wurin fiffike ɗaya ne.

Abin da ya fi wuya shi ne jan layi miƙaƙƙe a jiki mai zagaye, domin rula tana zamewa. Mafita ita ce a kwantar da gorar cikin lungun ƙarfe mai kusurwa, ko a jingina ta da lungun katakon ƙofa, a bi gefensa da alƙalami. Layin da aka ja haka yana tafiya daidai da tsawon gorar. Ana maƙala fiffike ɗaya, a bari ya kama, a leƙa ta gindin rokar a tabbatar yana nuni zuwa tsakiyar bakin gorar, kafin a sa na gaba.

Idan fiffike ɗaya ya kauce wa layinsa, rokar takan riƙa murɗawa ko ta lanƙwasa gefe. Wasu da gangan suke ɗan karkatar da dukkan fikafikan ta fuska ɗaya don rokar ta riƙa juyi kamar katantanwa. Hakan na ɓoye ƙananan kurakurai, amma yana cin wani ɓangare na ƙarfin tashi.

Maƙalawa

Robar PET ba ta karɓar gam da sauƙi, kuma gorar tana ɗan kumbura idan aka dura mata iska. Gam mai bushewa da tauri irin Super Glue yakan tsage saboda haka. Gam ɗin da ake narkawa da zafi kuwa yana iya ƙanƙance robar, wadda ke fara laushi tun daga kimanin digiri 70 na Salshiyos, ya bar rauni a inda gorar za ta iya fashewa. Salatif mai ƙarfi da gam mai ɗan taushi bayan bushewa sun fi dacewa, musamman idan an lanƙwasa ɗan leɓe a gindin fiffiken don ya kwanta a jikin gorar.

Hanyar da ta fi kare gorar ita ce a yanko zobe daga tsakiyar wata gorar mai faɗi iri ɗaya, a maƙala fikafikan a jikinsa, sannan a zura shi ta wajen wuyan rokar a ɗaure da salatif. Zoben yana rufe gangaren kafaɗar gorar, inda fiffike ba ya zama daidai, kuma ana iya cire shi a mayar wa sabuwar gora. Ba a huda gorar da ke ɗauke da matsi, ba a kuma kankare ta da wuƙa.

Gwaji da yanayi

Kafin harbawa ana ɗaura igiya a cibiyar nauyin rokar ba ruwa a ciki, a wujijjiga ta a zagaye. Idan kanta ya shiga gaba, ta daidaita. Idan ta tafi a gicciye ko da gindi, sai a ƙara nauyi a kai ko a faɗaɗa fikafikan.

Faɗin ma yana da iyaka. Rokar da fikafikanta suka yi girma da yawa takan juya kai ta fuskanci iskar da ke kaɗawa, ta bar miƙewa sama. A wurare irin su Gusau, Mada da Tsafe a Jihar Zamfara, iskar hunturu mai tasowa daga arewa maso gabas tsakanin Nuwamba da Fabrairu tana iya jawo hakan, zafin Maris da Afrilu kuma yana sassauta danƙon salatif idan aka bar rokar a rana. Ana harbawa a buɗaɗɗen fili nesa da wayoyin lantarki, masu kallo su ja baya, kuma ba a leƙa rokar ta sama bayan an fara dura iska.