Yadda maganin dashen ƙoda ya shiga ɗakin likitan haƙori

A 1904 wani likita a birnin Stockholm, Carl Sandstedt, ya ɗaura wa karnuka waya a haƙora, sannan ya duba muƙamuƙinsu da madubin likita. Ya ga ƙashi yana zaizayewa a ɓangaren da haƙori ke dannawa, sabo kuma yana tsirowa a ɓangaren da ya baro. Da wannan rushe-gina ake miƙar da karkatattun haƙora har yau, don haka duk maganin da ya taɓa ƙashi ya shiga aikin mai gyaran haƙora.

Cikin irin waɗannan magunguna, kotizon ne ya fara. A 1948 Philip Hench na asibitin Mayo a Amurka ya yi wa wata mata da amosanin gaɓɓai ya kwantar allurarsa, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana takawa. A 1950 shi da Edward Kendall da Tadeus Reichstein suka karɓi kyautar Nobel. Murna ba ta daɗe ba. Waɗanda suka jima a kan maganin sai ƙashin bayansu ya riƙa karyewa ba tare da sun faɗi ba, domin yana rage ƙwayoyin da ke gina ƙashi, yana kuma hana hanji tsotsar kalsiyam.

Sai ga saiklosporin, wanda kamfanin Sandoz na Suwizalan ya samo daga wata funfuna a ƙasar da aka ɗebo a Norway. Roy Calne ya gwada shi a dashen ƙoda a Kambirij a 1978, Amurka ta amince da shi a 1983. Maganin ya hana jiki ƙin sabuwar ƙoda, amma a bakin wasu dasashi ya kumbura ya hau haƙora, har ya binne ƙarfen gyaran haƙora da aka manna.

Maganin da aka kawo don kare ƙashin da kotizon ke raunanawa, irin su alendironet, shi kuma yana rage tafiyar haƙori.

Tun da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002, zancen ya iso gida. Likitan haƙori yakan tambayi magungunan da mutum ke sha, ya tuntuɓi likitan ƙoda, ya sassauta jan waya, ya kuma tsawaita lokacin sa abin riƙe haƙora bayan an cire wayar.