Daga filin jirgin Diori Hamani zuwa otal: abin da ya kamata matafiyi ya sani

Filin jirgin saman ƙasa da ƙasa na Diori Hamani, wanda ke ɗauke da sunan shugaban Nijar na farko (1960-1974), yana kudu maso gabashin Yamai, bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 da ke zuwa Doso. Tazararsa da tsakiyar gari kusan kilomita 10 ce. A shekara ta 2019, gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka, kamfanin Summa na Turkiyya ya sabunta filin, aka kuma buɗe sabuwar hanya da ta haɗa shi da tsakiyar gari, inda manyan otal-otal irin su Gaweye, Radisson Blu da Bravia suke.

Motar otal

Manyan otal-otal kan aika mota ta ɗauko baƙonsu, amma sai in ya sanar da su lambar jirginsa da lokacin saukarsa tun kafin ya taso. Wannan ya fi kwanciyar hankali ga wanda zai sauka da tsakar dare, kamar yadda wasu jiragen ƙasashen waje ke yi. Ya kamata a tambaya tun farko ko kuɗin motar yana cikin kuɗin ɗaki.

Taksi

Taksin Yamai, masu jan kai, ba su aiki da mita. Iri biyu ake shiga. Akwai na haɗaka, inda kowa ke biyan kuɗin kujerarsa, direba yana ɗauka yana saukewa a hanya. Akwai kuma "kurs", wato mutum ya ɗauki motar shi kaɗai har ƙofar masaukinsa. Mai fitowa daga filin jirgi da kaya galibi kurs yake yi, kuma kuɗinsa ya ninka na kujera sau da yawa, musamman da dare.

Don haka a gama ciniki kafin a sa jaka a bayan mota. A kuma tabbatar da lissafin da ake yi: dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya sefa 1.000, saboda haka "ɗari biyar" a bakin direba na iya nufin sefa 2.500. Yana da kyau a riƙe ƙananan takardun kuɗi, domin rashin canji yakan jawo gardama. Mai riƙe da Yuro ya san farashinsa tsayayye ne: sefa 655,957.

Faba-faba

Ƙananan bas ɗin da ake kira faba-faba sun fi araha, amma ba su shiga harabar filin. Sai an taka zuwa bakin titi, a unguwar Aéroport. Suna bin layinsu ne zuwa manyan kasuwannin gari, ba su kai mutum ƙofar otal, kuma suna ƙaranci in dare ya yi. Sun dace da mai ƙaramar jaka wanda ya san gari.

Masu wucewa gabas

Mai niyyar zarcewa Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya tuna cewa yawancin manyan bas na kamfanoni irin su Rimbo da STM da asuba suke tashi. Gara ya kama ɗaki kusa da tashar kamfanin, ya yanki tikiti tun da yamma, ya kuma karɓi lambar direban taksin da ya kawo shi domin ya zo ya ɗauke shi kafin kiran salla.