Shekarar da Amurka ta sakar wa rediyo mara

Yau Amurka za mu leƙa. A 1949 hukumar sadarwarsu, FCC, ta ce duk gidan rediyon da ya taɓo batun da ake taƙaddama a kai, dole ya ba ɗaya ɓangaren dama. Kotun Ƙoli ta amince a 1969. A 1987 majalisa ta so mayar da ƙa'idar doka, Shugaba Reagan ya hau kujerar na-ƙi, FCC ta soke ta. Shekara na zagayowa, Rush Limbaugh ya karaɗe ƙasar da ra'ayin mazan jiya zalla.

Ni dai gara wannan hayaniyar da gwamnati ta riƙe ma'auni, tunda mai mulki ke naɗa mai awon. Ku fa, ya kuka gani?