Hotunan Ajinmu: Tarihin 'Yan UPE A Ƙasan Adaka



A ƙasar Hausa idan aka ce tarihi, abin da ke fara zuwa zuciyar mutum shi ne sarakuna da yaƙe-yaƙe, wane ya gaji wane, wane ya ci garin wane. Amma akwai wani tarihin da yake kwance a ƙasan adakar iyayenmu mata, tsakanin tsofaffin zannuwa da katin asibiti, wanda har yau ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Ina nufin hotunan aji na firamare, irin waɗanda akan jera yara a gindin darbejiya, malami yana zaune a tsakiya, an jingine ɗan allo a gaba an rubuta aji da shekara da alli. Ni ina cikin rukunin farko na shirin UPE, wato yaran da aka kwasa aka zuba a aji ɗaya a watan Satumba na 1976, kuma ina da hoton ajinmu guda biyu, na shekarar shiga da na shekarar fita. A kansu nake so mu ɗan tattauna, domin abin da ke cikinsu ya shafi dubban azuzuwa irin namu tun daga Sakkwato har Maiduguri.

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, don haka bari mu fara da hotunan da suka riga namu. Makarantar boko ta farko da gwamnatin Turawa ta buɗe a Arewa ita ce ta Nasarawa a Kano, a 1909, ƙarƙashin Hanns Vischer, Baturen da Kanawa suka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa. 'Ya'yan sarakuna da malamai ne akasarin ɗalibanta. Daga baya Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Duk wanda ya taɓa ganin hotunan ɗaliban wancan zamani a littattafan tarihi zai lura cewa 'yan ƙalilan ne, dukkansu maza, sun sha riguna, ga Bature a zaune a tsakiya. Da yawansu an san su da sunayensu, domin daga cikinsu aka sami irin su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam. 'Yan mata kuwa sai a 1930 aka fara buɗe musu makarantu a Kano da Katsina, su ma 'yan gidan sarauta ne suka fi yawa.

Talaka a lokacin gudun boko yake yi. Idan En'e ta aiko wa hakimi cewa ana neman yara, hakimi ya tura wa dagaci, dagaci ya tura wa mai unguwa, sai a shiga ɓoyon yara, wani a rumbu, wani a tura shi ƙauyen kakanninsa. Sau da yawa maraya ko ɗan bara ake miƙawa don a cika adadi. Dalilan iyaye a fili suke: suna tsoron a raba yaro da addininsa, kuma suna bukatar hannunsa a gona. Haka aka yi ta tafiya har Jihar Yamma ta Awolowo ta fara ba da ilimin firamare kyauta a 1955, tazarar da ke tsakaninmu da su ta ƙara faɗi.

Kuɗin man fetur da suka ɓarke bayan 1973 su suka ba gwamnatin soja ƙarfin halin cewa kowane yaro ɗan shekara shida a Nijeriya zai shiga makaranta kyauta. A zamanin Janar Gowon aka tsara shirin, Janar Obasanjo ya ƙaddamar da shi a 1976, 'yan watanni bayan kisan Janar Murtala. Masu tsari sun yi lissafin yara miliyan 2.3 ne za su zo aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Ba a shirya musu isassun ɗakuna ba, ba a shirya isassun malamai ba. Aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, har aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekarar don ta taimaka.

To, duk wannan bayani yana nan a cikin hotonmu na farko, ga wanda ya iya dubawa. Makarantarmu tana wani gari ne a tsohuwar Jihar Kano, wanda ya faɗa cikin Jigawa da aka ƙirƙiro ta a 1991. A hoton mu 63 ne, malami ɗaya. Abu na farko da ido zai kama shi ne bambancin tsayi. A layin gaba ga 'yan mitsi-mitsi a zaune a ƙasa sun tanƙwashe ƙafa, a layin baya kuwa ga wasu da kafaɗarsu ta kusa kai ta malam. Dalili shi ne babu takardar haihuwa a lokacin. Hedimasta zai ce ka ɗora hannunka na dama ta saman kai ka taɓo kunnen hagu, in hannu ya kai ka isa shiga, shi ke nan. Ɗan shekara shida ya taɓo, ɗan shekara goma sha ɗaya ma ya taɓo, duk aka haɗa mu aji guda. Manyan nan su ne suka zama monitoci, su ke rubuta sunan masu surutu, su ke ɗauko wa malam bulala, kuma su ke raba mu faɗa a hanyar gida.

Abu na biyu shi ne malamin kansa. Da muna yara gani muke babu wanda ya kai shi girma da sani a duniya. Yanzu da na dube shi da idon wanda ya haura hamsin, sai na ga ashe saurayi ne ɗanye wanda gemu bai gama fito masa ba, ya sa wando mai faɗin ƙafa irin na yayin lokacin, ya soke biro biyu a aljihun gaba. Yana cikin waɗanda aka yi wa gajeren horo aka turo ƙauye. Da wannan ɗan abin da ya samu ya koya wa yara sama da 60 baƙi da wasali, ya bi da mu ta Ka Koyi Karatu, har muka kai munzalin da za mu ɗauki Magana Jari Ce mu karanta da kanmu. Duk wanda a cikinmu yau yake karanta littafin Hausa, ko yake rubutawa, bashin wannan saurayi yana wuyansa.

Abu na uku shi ne ƙafafunmu da tufafinmu. Waɗanda suke da takalmi ba su kai goma ba, su ma ɗan silifa ne ko na roba. Wasu sun sami yunifom, wasu da 'yar sharar gida suka zo, mai hoto ya tura su baya don kada su ɓata tsari. A bayanmu ana hango ɗakin aji guda biyu na bulo da aka gina cikin sauri, tagoginsa babu murfi, da tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a reshe, wanda shi ne ƙararrawarmu. In an buga shi lokacin tara sai mu ruga wajen masu tallan gurasa da ƙosai da gyaɗa, wanda aka ba kwabo biyu daga gida ranar shi ne attajiri. Can gefe kuma ana ganin dangar lambun makaranta. A 1976 ɗin ne gwamnati ta fito da shirin ciyar da ƙasa da ake kira OFN, aka ce makarantu ma su yi noma, mu ne muka sha ɗiban ruwa da ɗiban taki.

Hoto na biyu an ɗauke shi ne a 1982, muna aji shida. Tsakanin hotunan nan biyu ƙasa ta sauya a kan idonmu. Mun shiga muna rera taken ƙasa guda, a 1978 aka canza shi muka koyi sabo, wanda shi ma aka ajiye a 2024 aka dawo da na farkon. Mun shiga a mulkin soja, muka fita a mulkin Alhaji Shehu Shagari, wanda ya karɓi ragama a 1979, shi ma tsohon malamin makaranta ne. Tsofaffin yayyenmu aji bakwai suka yi, mu shida muka yi. A hoton kowa ya sami yunifom, takalma sun yawaita, fuskoki sun nutsu. Amma mu 34 ne kawai. A hoton farko 'yan mata 19 ne, a na biyu saura 5.

Ina sauran suka shiga? Na zauna da wasu 'yan ajinmu mun bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Yawancin 'yan matan aure aka yi musu daga aji huɗu zuwa biyar, a cikinsu har da wadda take zuwa ta ɗaya a lissafi duk zango, wadda malam kan kira ta fito allo ta gyara mana in mun kasa. Manyan samarin layin baya kusan duk sun zame tun kafin aji uku, don kunyar zama da ƙanana ta ishe su, ga gona tana jira. Biyu an tura su gabas karatun allo. Wasu iyayensu ma'aikata ne aka yi musu canjin wurin aiki. Uku sun rasu kafin mu gama, ɗaya ƙyanda, biyu sanƙarau a wata bazara mai zafi. Takardun gwamnati sun adana adadin yaran da suka shiga a 1976, shi ake yawan ambatawa in ana yabon shirin. Wanda yake son sanin nawa ne suka kai ƙarshe, da su waye suka faɗi a hanya, da abin da ya kayar da su, to ya ajiye hotuna biyu irin waɗannan kusa da juna ya ƙirga.

Akwai kuma waɗanda ba su shiga ko ɗaya daga cikin hotunan ba. Na tuna wata 'yar ajinmu da mahaifinta ya hana a ɗauke ta, don a fahimtarsa hoto bai halatta ba, ta tsaya a gefe tana kallonmu har aka gama. Na tuna yaran rugar Fulani da ke wucewa da shanu ta bayan makaranta, da almajiran tsangayar unguwarmu da muke haɗuwa da su a makarantar allo da yamma, suna tsokanar mu da waƙar zambo ta 'yan boko. Sa'o'inmu ne, garinmu ɗaya, amma sunansu bai shiga rajistar kowa ba. Wannan giɓi bai rufe ba har yau. An sake ƙaddamar da wani shirin mai suna UBE a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004 cewa karatun shekara tara kyauta ne kuma dole, amma UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Jikokin waɗancan da suka tsaya a gefen hoto suna cikin wannan adadi.

Shi kansa mai hoton ya cancanci a tuna da shi. Bayarabe ne mai shago a babban garin da ke kusa da mu, yana zagaya makarantu a kan Vespa sau ɗaya a shekara, kyamara a rataye a wuya. Zai ɗauka ya tafi, sai bayan mako biyu ya dawo da hotunan da ya wanke, baƙi da fari, ya buga hatimin shagonsa a baya. Ba kowane uba ne yake iya biya ba, shi ya sa a aji mai yara 60 da wuya a sami gida goma da suka karɓa. Daga cikin goman nan, ruwan sama ya ci wasu, gara ta ci wasu, wasu sun ɓace garin tashi daga gida zuwa gida. Shagon an rufe shi tuntuni, abin da ya ajiye na asalin hotunan ya tafi tare da shi. Rajistar makarantarmu ta waɗannan shekaru ma na neme ta, aka ce gara ta gama da ita a sito. Ke nan ɗan guntun katin nan da ke hannunka yana iya zama shi kaɗai ne shaidar da ta rage cewa wane da wance sun taɓa zama a aji.

Yanzu 'yan ajinmu kan ɗauki hoton da waya su tura wa juna ta WhatsApp, a yi dariya, a yi ta musun wane ne na uku daga hagu. Musun nan shi ya fi damuna. Shekaru goma da suka wuce akwai mutum biyu a cikinmu da suke iya kawo sunan kowa da na mahaifinsa da unguwarsu. Ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, ɗayan kuma ido ya fara ba shi matsala. Akwai fuska bakwai a hoton farko da yau babu wanda zai rantse a kan sunansu.

Don haka shawarata ga duk wanda yake da irin wannan hoto ita ce ya fito da shi tun masu sani suna raye. Ya sami takarda ya rubuta sunan makaranta da aji da shekara da sunan malami, sannan ya bi layi-layi daga hagu zuwa dama ya rubuta sunan kowa, da inda ya ƙare in an sani. Kada a rubuta da biro a bayan hoton, tawada tana ɓullowa ta ɓata fuska, fensir mai taushi ya fi. A raba shi da danshi da rana, a ɗauki kwafinsa mai kyau a kwamfuta. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai kuma, maimakon a tsaya ga cin abinci da rabon kalanda, su tattara na kowane aji su yi ɗan littafi, su ajiye ɗaya a makarantar, su kai ɗaya wuraren adana tarihi irin su Gidan Arewa a Kaduna ko Gidan Ɗan Hausa a Kano. 'Yan Kwalejin Katsina sun sami masu rubuta sunayensu. Mu 'yan UPE mun yi yawa, in ba mu rubuta namu da kanmu ba babu mai yi mana.

Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan ajinmu da suka rasu, Ya kyautata namu ƙarshen. Wassalam.