Arduino: Daga Mashayar Ivrea Zuwa Duniya

A garin Ivrea na arewacin Italiya, ɗalibai masu koyon ƙera na'urori sun sha fama da tsadar BASIC Stamp, ƙaramar ƙwaƙwalwar da ake ɗora wa umarni. A 2003 wani ɗalibi ɗan Kolombiya, Hernando Barragán, ya fara ƙirƙiro Wiring domin sauƙaƙa rubuta umarnin. Aikinsa ya cancanci yabo fiye da wanda ya samu.

A 2005 malaminsa Massimo Banzi da abokan aikinsa suka ɗora a kan Wiring, suka samar da allon Arduino. Suka zaɓi ƙaramar ƙwaƙwalwa mai suna ATmega8 saboda araha, suka saki zanen allon kyauta, kowa ya kwafa. Sunan Arduino kuwa na wata mashaya ne da suke taruwa a cikinta, ita ma ta aro shi daga Sarki Arduin, wanda aka naɗa a 1002.